Hatimin da Na Zana a Iyakar Gona

Shekarun baya, abokina ya kawo mini labarin wani horon noman shinkafa a Japan, ya ce wanda ya ɗan iya haruffansu ya fi samun shiga. Ni kuwa da rawar kai, na samo ƙaramin littafi na duƙufa. Matsalar ita ce kaina kamar rariya, in na haddace harafi da safe, kafin azahar ya zube.

Sai na ɗauki ɗabi'ar zana su a ƙasa da tsinke duk lokacin da na zauna hutawa a gonarmu ta Yankara. Inuwar da nake zama kuma tana kan iyakarmu da wani dattijo, wanda masararsa ta fara yin rawaya a daminar.

Wata safiya na tarar da mutane tsaye a inuwar, har da mai unguwa. Dattijon ya nuna wani zane da sandarsa, murabba'i da gicciye a ciki, sak hatimin malamai.

"Mi ne ne wanga? Albarkar gonata kaka jawowa taku!"

A ƙauye in aka laƙa maka sunan mai asiri, har jikokinka sai sun gada.

Na ce, "Baba, wallahi karatu ne."

Mai unguwa ya ce, "To karanta muna."

Na san ma'anarsa sarai, ita ce ma abin tsoron. Na ce, "Gona."

Wurin ya kaure da salati. Dattijon ya ce, "Kun ji da bakinai!"

Allah ya taimake ni akwai wani malamin firamare a wurin. Ya karɓi littafin daga aljihuna, ya ce zai riƙa kiran kalma ina zanawa, su kuma su duba. Ya ce dutse, na zana. Ya ce itace, na zana. Ya ce ruwa, kaina ya ɗauke ɗif. Na tsuguna ina zufa, ina jin numfashin mutane a ƙeyata, sai da ƙyar hannun ya tuno abin da kan ya manta. Aka gwada da littafi, ya yi daidai. Mai unguwa ya ce a watse, a kuma nemo wa masara taki.

Japan dai ban je ba, ko sunana bai fito ba. Haruffan ma yawanci sun gudu, ban da guda huɗun nan.

Na daɗe ina ganin hujjata ce ta wanke ni. Ashe mai unguwa kawai na gamsar. Masarar dattijon ta farfaɗo bayan taki, ta yi kyau fiye da tamu. Da damina ta zagayo, sai ga shi ya same ni a inuwar, ya waiga hagu da dama, ya miƙo mini tsinke.

"Ɗana, zana mani irin na bara. Amma ta ɓangarena."