Ba Wayarin Malam Falalu Ne Ya Ƙona Babur Ɗina Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba na 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Falalu mai wayarin babur na bakin tashar Kazaure, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Labarin ya same ni a wata gona bayan Gwiwa, ina duba waken da tsutsa ta shiga. Kafin in iso an riga an kai shi makwancinsa. Na tarar da jama'a a kan tabarmi, na nemi gefe na zauna.

Malam, ni ne Ashiru malamin gona, wanda kake wa tsiya da “mai kayan ƙawa”. Shekara goma sha ɗaya ina kawo maka babur, kuma ban taɓa zuwa ba tare da wani sabon tarkace da nake so a liƙa masa ba. Yau caja ce, gobe ƙarin fitila. Ba ka taɓa hana ni ba, amma kana da doka guda wadda ba ka sassauta wa kowa. Duk abin da za a ƙara sai ka ja masa wayarsa daban tun daga batir, ka sa masa fis ɗinsa dab da batir ɗin, daidai ƙarfin abin. Ba ka yarda a fere wayar fitila a raɓa masa. Ka sha ce mini fis ba ya ƙonewa haka kawai, in ya ƙone akwai abin da ya yi masa nauyi, sai a nemo abin. Abin da ka fi tsana shi ne a murɗa silin waya, ko ƙyallin kwalin taba, a cusa a gurbin fis. Mutum na yin haka za ka kore shi daga rumfarka, ko da ɗan hakimi ne.

Mu kuwa muna ganin ka cika nawa. Aikin da wani zai gama kafin shayi ya huce, kai sai ka wuni kana naɗe wayoyi da salatif. Sai da Haladu, wani makiyayi na gefen Roni, ya ba ni labarinka na gane. Rugarsu babu lantarki, a babur ɗinsa ake cajin wayar kowa. Ka ja masa layi na musamman, ka gargaɗe shi kada ya yi caji sai injin na aiki, don kada batir ya mutu. Rannan fis ya ƙone masa a daji, ya ɗaga kujera, sai ga wani sabo ka manne masa a ƙasa ba tare da ka faɗa ba. Ashe haka kake yi wa kowa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don na gaji da ɗaukarsa a ciki.

Daminar shekara uku da suka wuce, na sayi hon irin na babbar mota. Na san in na kawo maka wuni zan yi, sai na fere wayar cajar da ka ja mini, na haɗa da hannuna. Fis ya ƙone. Na sa wanda ka manne mini, shi ma ya ƙone. A hanyar Babura na murɗa silin waya na cusa, na ce ai yau ɗaya ce. Ina shiga bakin kasuwa na danna hon, hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin kujera. Da ƙasa aka kashe wutar. 'Yan acaɓa suka kewaye ni, wani ya ce, “Malam, wa ya yi maka wannan wayarin?” Kunya ta rufe ni, na ce, “Falalu na Kazaure.”

Magana zarar bunu ce. Kafin wata ya zagayo, 'yan Babura da ke ɗauko hanya takanas saboda kai sun daina zuwa. Na riƙa wucewa ina ganin bencin rumfarka babu kowa, ina kau da kai.

Da na kawo maka gawar babur ɗin a bayan a-kori-kura, ka buɗe gidan fis, ka zaro silin wayar nan ta yi baƙi ƙirin. Ka dube ta, ka dube ni, ka jefa ta aljihu. Abin da ka ce kawai shi ne, “Ka dawo jibi.” Na dawo na tarar ka sake wayarin gaba ɗaya, har da hon ɗin, da layinsa da fis ɗinsa. Tun daga ranar nake cewa gobe zan zo in nemi gafara. Goben ta kai shekara uku.

A wurin zaman makoki ƙanenka Daudu ya ja ni gefe. Ya ce, “Malam Ashiru, ni na san zancen wayar nan. Na matsa wa Yaya ya kai ta Babura ya nuna, ya ƙi. Cewa ya yi, malamin gona ne, in manoma suka ji ya yi ƙarya sau ɗaya, ba za su ƙara jin maganarsa kan iri da feshi ba, amfanin gonarsu ne zai lalace.” Na sunkuyar da kai hawaye na zuba a kan tabarma.

Malam, na makara a wurinka, ban makara a wurin mutane ba. Ranar kasuwar Babura mai zuwa zan tsaya a inda babur ɗin ya kama wuta, in karanta wa 'yan acaɓa wannan takarda da bakina. In manoma sun daina jin maganata, ni na ja wa kaina.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya sa asirin da ka rufa mini ya zama sanadin rufa naka ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Malama Zaituna, da 'ya'yanka, da Daudu, da duk masu sana'ar bakin tasha. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Bayan ta'aziyya kuma ina roƙonku ku yafe mini abin da ban roƙe shi ba yana raye. Aikin maigidanku bai taɓa ƙona babur ɗin kowa ba. Ni na cusa wayar, ni kuma na ambaci sunansa.