Abin da Kyamarar Yaya Lawali Ta Kalla

Duk wanda ya san Yaya Lawali a Matameye ya san baƙar kyamarar nan da ke rataye a wuyansa, ya kuma san babu pil, wato batir, a cikinta. Pil ɗin yana cikin hula! Wai in ya bar mata shi, sha take ko tana barci. Sai an jeru an gyara tsayuwa, sannan ya tuɓe hula ya saka, ita kuma ta yi ziii, ta turo ido waje tana laluben wanda za ta kama. A wani biki a Kurni, kafin ya gama wannan hidima har an wuce da amarya. Ya ce, "Gaggawa aikin shaiɗan ne. Ku dawo da ita."

Tsakani da Allah, in ta kama ka, har gashin girarka sai ya fito. Sai dai abin da ke tsakiya kaɗai take gani. Alhaji Habu da ƙaninsa sun dawo daga Makka, suka tsaya gefe da gefe, jakin maƙwabta ya leƙo ta tsakaninsu. Hoto ya fito, alhazai dishi-dishi, jaki fes! Alhaji ya ce, "Lawali, wannan wulaƙanci ne!" Yaya ya ce, "Ba ni na zaɓa ba, Alhaji. Ita ta san abin da take kallo."

To, Innarmu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Waya kuwa, ta ce ba ta rufa asiri. Da ciwo ya matsa mata na yi ta magiya, har ta ce, "Sai da ta Lawali, kuma shi ma ya zo kusa da ni." Mutumin da ko matarsa ba ta goge masa kyamara! Ga shi hoto ɗaya ya rage a fim ɗin, kuma ba mai sayar da irinsa a gari.

Ya miƙo min yana harara. "Hadiza, ki ɗora tsakiya a fuskar Inna. In kika ɓata, ni da ke har lahira."

Na ɗaga kyamara, ina ta neman tsakiya. Inna ta ce, "Ke, ƙafata ta gaji, danna mana!" Na danna.

Ko a Damagaram babu mai wankewa, sai mijina ya tafi da fim ɗin Kano da zai je cin rani. Kafin ya dawo Inna ta rasu. Wallahi a watannin nan, ko kukan jaki na ji sai gabana ya faɗi.

Ranar da hoto ya iso, na kasa dubawa, sai Yaya ya karɓa. Fuskokinsu duka dishi-dishi. A tsakiya kuwa ga hannun Inna riƙe da wuyan hannunsa, fes, da lallenta da zoben azurfarta. Na fashe da kuka ina jiran faɗa. Ya daɗe yana kallo, ya tuɓe hula zai share ido, pil ya faɗo ƙasa, ko dubansa bai yi ba.

Ya ce a hankali, "Ban gaya miki ba? Ita ta san abin da take kallo."

Yanzu shi ma ya bi ta, hotonsu ke nan da muke da shi. Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Yaya, ya sake haɗa hannayen nan a Aljanna.