Littafin da Yaya Ya Cire Daga Jakar Auta

Auta ba ta yi jami'a ba, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Ta daɗe tana buga wa mutane takardu a wani shago mai fanka ɗaya, kafin ta koya wa kanta rubuta manhaja a tsohuwar kwamfutar shagon. Yanzu ƙananan shagunan magani take haɗa wa manhajar kaya. Aiki ya zo yau, gobe shiru. Burinta bai wuce aiki mai albashi ba, don 'yarta ta kusa shiga sakandare.

Duk aikin nan da ɗan littafi guda take yin sa. Bai fi tafin hannu ba, bangonsa ya yage ta liƙe da salatif. Babu surutu a ciki. Kowane shafi umarnin kwamfuta ne, da yadda ake rubuta shi, da gajeren misali. Ai mai rubuta manhaja ba dabarar yake mantawa ba, abin da ke kuɓuce masa shi ne wace kalma ke gaba, wacce ke baya. Kwamfuta kuwa ba ta da kara, ka kuskure ɗigo ɗaya sai ta zuba maka ido. Auta ta san littafin nan har yatsanta kan riga idonta isa shafin.

Yayanta direba ne, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, kuma ya tsani ɗan littafin. Ya taɓa sayo mata wani ƙato mai bango mai sheƙi. Ta yi godiya, ta ɗora kwamfutarta a kai don wuyanta ya huta.

"Auta, ilimi na sayo miki ko kujera?"

"Yaya, yana aiki fa. Wuyana ya daina ciwo."

"Ki ci gaba da yawo da wannan tsumman kamar mai tallan maganin ɓera."

Sai wani kamfani ya kira ta gwaji. Sharaɗinsu: ba waya, ba intanet, kowa ya shigo da littafi ɗaya. Auta har rawa ta taka a tsakar gida. Da safe Yaya ya zo kai ta. Ta koma ciki ɗauko katin shaida, ta bar masa jakar. Da suka isa ya ƙi ba ta, wai yau ƙanwarsa ba za ta yi dako ba, ya rako ta har ƙofar ɗakin. Ta ji jakar ta yi nauyi da ta karɓa, amma mai sa ido na ta "a shigo, a shigo", an riga an karɓe wayoyi.

Ta zauna, ta zuge jaka. Ƙaton nan ne kwance a ciki yana sheƙi.

Tambayar ba ta fi ƙarfinta ba, jera kaya ne bisa ranar lalacewarsu, abin da ta sha yi. Yadda ake rubuta umarnin kwanan wata kawai take son ta duba. Ta buɗe ƙaton: tarihin kwamfuta. Ta ƙara gaba: marubucin na gode wa matarsa. Ta leƙa jerin kalmomin da ke bayan littafin, aka tura ta shafuka barkatai, kowanne bayani ne zuba, misalin yana can an binne shi. Na kusa da ita ya ɗaga ɗan siririn littafinsa, ya leƙa, ya ajiye, ya ci gaba da bugawa. Ita tana lasar yatsa tana juya shafi, gumi na bin bayanta. Ta rubuta da ka, kwamfuta ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Lokaci ya cika, aka ce a ɗaga hannu.

Nan take aka gwada aikin kowa. Wanda nasa bai tashi ba, aka ce an gode.

Yaya na jingine da mota, baki har kunne.

"Yaya, ina littafina?"

"Yana cikin mota, ban yar ba. Haba Auta, gaban manyan mutane za ki fito da wannan abin kunya? A ce ba ki da kowa?"

"Ban samu ba, Yaya."

Ya dube ta, ya dubi ƙaton da ke hannunta.

"Da wannan littafin ma? To wallahi aikin nan na masu hanya ne."

Auta ta buɗe baki. Ta tuna wanda ya biya mata kuɗin makaranta, ta rufe. Ta shiga bayan mota, ba gaba ba.