Haƙoran Jaɓa a Wayata

Jiya ina zaune a zauren gidanmu a Kabara ina shirya darasin da zan koyar, sai Baba ya leƙo hoton da ke wayata.

"Wannan fa? Haƙoran jaɓa ne?"

Na ce, "Kusan haka, Baba. Wata 'yar dabba ce mai shayarwa, ta rayu tare da manyan ƙadangarun nan, dinoso. Ƙashinta ya zama dutse. An tono shi a wata nahiya, na danginta a wata, ga teku a tsakani."

"To wa ya tsallakar da su?"

"Lokacin ƙasar a haɗe take. Da ƙafa suka bazu, daga baya ta tsage."

Sai Baba ya ce, "Ashe ba su suka guji juna ba."

Wata takwas Baba bai ɗaga wayar yayana Sani ba, tun da ya koma Turai aiki da iyalinsa. Bayan la'asar da kansa ya ce in kira masa shi. Da Sani ya ɗauka, Baba ya dinga tambayar jikokinsa ɗaya bayan ɗaya.

Ku fa, wa nisa ya raba ku da shi, kuka ɗauka gudunku ya yi?