Rogayah da Sunan Garinmu

Mu a nan Pase Mah muke ce wa garinmu. Rogayah kuwa, tun ranar da marigayi Seman ya auro ta daga Johor, can kudancin ƙasarmu, Pasir Mas take cewa, tana fito da kowane harafi kamar mai karanta labarai a rediyo. Idan mun ce za mu hau bah, ita bas za ta hau.

Gidanta na jikin nawa. Tana ɗinkin mayafin salla, hannunta da kyau, ba ta saɓa alkawari. Ta koyi cin budu, miyar kifinmu da baƙi ke toshe wa hanci, har ta fi ni iya haɗa ta. Harshe ne dai ya ƙi.

"Baƙuwa, yau ina za a?" in ji matan kasuwa.

"Tumpat."

"Tupak ake cewa, ke!"

"Ku kuka haɗiye rabin sunan, ni na ci abinci kafin in fito."

Haka har gashinta ya yi fari. Da Seman ya rasu ta gama takaba, sai ƙanenta Kamarudin ya zo daga Johor zai tafi da ita. Ina zaune a wurin ina taya ta tsinkar ganye, ina tsoron kada ta bi shi. Tun rasuwar maigidana ita ce abokiyar tafiyata masallaci, ita ke ƙwanƙwasa min taga idan na makara.

"Yaya, ki haɗa kayanki," ya ce. "Ɗazu a bakin titi na tambayi gidanki, aka ce wai gidan Baƙuwa? Duk shekarun nan! Ko sunan garinsu ba ki faɗa irin nasu."

"Kuma sun nuna maka gidan ko ba su nuna ba?"

"Sun nuna."

"To?"

Ya juyo gare ni. "Baba Zainab, ki gaya mata gaskiya."

Ban iya doguwar magana ba. Na ce abin da na sani shi ne, in an yi rasuwar mace a unguwar nan, ita ake fara aikawa a kira don wanka.

Rogayah ta ajiye tiren ganyen. "Din, na binne miji a ƙasar nan, na binne 'ya. An ajiye min wuri kusa da su. Wanda ya ba gari wannan, ai ya kira shi yadda bakinsa ya ga dama."

Ta zuba masa shinkafa da budu, ya ci kaɗan yana yamutsa fuska, tana masa dariya.

Washegari muka raka shi tasha. Yaran mota na ta ihun bah ɗin Johor ta kusa cika.

"Bas," ta ce musu. "Sai yaushe za ku koya?"

Ta kama hannuna muka juyo gida, don azahar ta kusa.