Direba a Kujerar Baya

Har yau Direba ake ce masa, ko da yake rabonsa da sitiyari an daɗe. Da tirela ya fara, yana kwana a hanya, ya koma tankar ruwa, daga ƙarshe ya zauna a kan bas ɗin ma'aikatan wata masana'antar robobi. Bai taɓa buge ko akuya ba. Bai kuma taɓa yin aboki a cikin fasinjojinsa ba, don duk wanda ya ce masa "a hankali" sai ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya tambaye shi ko zai zo ya karɓa. A gida ma haka yake. Matarsa tela ce, a lungun falo take aiki da tsohon keken ɗinki na ƙafa, kuma tun aurensu ba ta taɓa ce masa ga hanya ya bi ba tare da an yi kwana biyu ana gaba ba.

Ido ne ya sauke shi. Daga gefe ya fara cinyewa, har ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu: abin da ke gabansa daidai yana ganinsa dishi-dishi, na gefe kuwa babu. Ranar da ya karya madubin bas a jikin ƙofar masana'anta aka tura shi gwaji, daga gwaji ba a sake ba shi makulli ba.

Ya shiga ɗaki ya zauna. Rediyo a kunne, labule a sake, ƙafa tana kumbura. Ga ciwon suga. Likita bai ɓoye masa ba: in bai motsa ƙafar nan jini ya zagaya ba, wata rana sai an yanke ta. Aka kawo masa sanda, ya jefa ta bayan kabad. Matar ta ce ta riƙe masa hannu su zaga unguwa, ya ce shi ba za a ja shi a titi mutane suna kallo ba.

Surukinsa, mijin babbar 'yarsu, mai walda ne. Shi ya ga wani irin keke a waya, ya yanka tsofaffin kekuna biyu, ya haɗa su da bututun ƙarfe. Abin da ya turo ƙofar gida dogo ne, ƙasa-ƙasa, da kujeru biyu masu majingina, ɗaya a bayan ɗaya. Mutum kishingiɗa yake yi a kai, ya miƙe ƙafa gaba ya taka feda. Na gaba ke da kan keke da birki. Na baya yana da feda da wasu ƙarafa biyu na riƙewa a gefen cinya, waɗanda ba sa juya komai.

Direba ya fito ya shafa shi daga taya zuwa taya, kamar yadda ya saba duba mota kafin tafiya. Da hannunsa ya kai kan ƙarafan baya ya murɗa, suka ƙi motsi.

"Wannan fa?"

"Na riƙewa ne, Baba," in ji mai walda. "Nan ne wurinka. Mama ce a gaba."

"Wace Mama?"

"Guda nawa ka ajiye?" in ji Tela daga bakin ƙofa.

"Kai mai walda, na ba ka 'yata, abin da za ka saka min da shi ke nan? Gadon asibiti mai taya?"

Mai walda ya sosa ƙeya. Tela ta ce a bar shi, keken ba zai ruɓe ba, ƙafar ce za ta ruɓe. Sati guda keken yana jingine a tsakar gida. Sai da wani ɗan yatsan ƙafarsa ya fara mutuwa, ya tsinkule shi bai ji ba, sannan ya ce a fito da tarkacen.

Akwai wani titi a bayan rumbunan ajiyar kaya, mai bin gefen magudanar ruwa, da safe ba kowa. Can suka fara. Tela ta hau keken yayanta tana yarinya, ƙafarta kuma ta ƙware da taka keken ɗinki, saboda haka ita kaɗai sai ta tafi sumul. Da an ɗora mata Direba a baya sai abu ya lalace.

"Kin matse gefe."

"Me ka gani?"

"Ina jin tsakuwa a taya. Buɗe. Buɗe na ce."

"Taka fedarka ka yi min shiru."

"Wa ya koya miki shiga kwana haka? Ko mai amalanke ya fi ki."

"To sauka ka nemi mai amalanken."

Bakin ma da sauƙi, jikin ne matsala. Mai tirela in zai shiga kwana sai ya fara buɗewa waje, don bayan motar ya samu wuri. Jikin Direba bai manta ba. Tana karkata hagu, shi yana jefa nauyinsa dama, keken ya yi ta rawa a tsakaninsu har su kafa ƙafa a ƙasa. Mafi muni kuwa ƙafarsa ta dama. Duk sanda gabansa ya faɗi, ƙafar da kanta take neman birki ta danna da ƙarfi. A wannan keken kuma abin da ke ƙarƙashinta feda ce. Yana takawa don a tsaya, keken yana zabura gaba.

Ta gaya masa, mai walda ya gaya masa. Ya ce ƙafarsa ta fi su sanin hanya.

Wata safiya mai gadin rumbu ya turo baro daga ƙofa ba zato. Tela ta gan shi ta kama birki. Direba bai gan shi ba, ƙarar ƙarfe kawai ya ji, ya taka. Keken ya ƙwace daga hannunta, tayar gaba ta hau bakin magudana, suka kife. Shi gwiwa ya goge. Ita ta dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya gurɗe.

Aka ɗaure mata hannun. Keken ɗinki ya yi shiru, kayan mutane suka taru a kan kujera, masu su suna zuwa suna komawa da fuska a ɗaure. Direba bai ce mata sannu ba. Abin da ya ce, yana zaune yana shafa gwiwa, shi ne da ƙwararre ne a gaba da an kauce.

Ta juyo gare shi.

"Direba, kai ka taka."

"Ke kika riƙe kan keke."

"Hannun nan shi ke ciyar da gidan nan tun da aka karɓe maka makulli. Ba zan karya shi a kan girman kanka ba. Ƙafarka ce, in ka ga dama ka ba likita."

Kwanaki ba wanda ya taɓa keken. 'Yarsu ta zo ta roƙi wannan ta roƙi wancan, ta tafi tana share ido. Ƙafar ta ci gaba da kumbura har takalminsa ya daina shiga. Da aka kwance wa Tela hannu, shi ya fara magana, yana fuskantar bango.

"Zan hau. Amma ni ne a gaba."

Ya shirya wa faɗa, ya tanadi amsoshi. Sai ta ce, "To."

Suka tura keken zuwa titin. Ya zauna a kujerar gaba, ya kama kan keken, ya matsa birki ya saki, ya gyara zama. Rabon da ya ji abu yana juyawa a hannunsa har ya manta. Ta zauna a baya ta riƙe ƙarafan.

"Ba na son surutu," in ji shi.

"Ba za ka ji ba."

Suka tashi. Da farko lafiya lau. Titin a miƙe yake, ya kafa ɗan ganin da ya rage masa a kan farin layin tsakiya, yana bi. Iska ta daki fuskarsa. Har ya fara cewa a ransa dama tun farko haka ya kamata a yi. Sai layin ya ƙare, inda aka yi facin kwalta. Gabansa ya zama toka-toka, babu gefe, babu tsakiya. Ya san magudana tana hannun dama, amma taku nawa? Ya san akwai kwana a gaba, amma ina? Daga wani wuri injin babbar mota ya tashi. Ya san irin injin, ya san nauyinta, ya san tana ja da baya, abin da bai sani ba shi ne ko ta ina za ta ɓullo. Bangon rumbunan yana mayar da ƙarar ta ko'ina.

Ya jira ta ce wani abu. Tana takawa a hankali, daidai da shi, ba ta ce uffan ba. Kalma ɗaya ta isa, ya tambaye ta me ke gaba. Bai tambaya ba.

Ya matse birki da hannu biyu, ya sauke ƙafa. Motar ta wuce ta gabansu, kusa har ya ji zafin hayaƙinta a ƙafa. Direban motar ya leƙo ya zagi tsoho mai kwanciya a kan titi, ya ƙara gaba.

Ya zauna, hannunsa a kan birkin. Sai a lokacin ya ji tafin hannunta a kan kafaɗarsa, ta damƙe rigarsa tam, ƙafafunta biyu a ƙasa. Ashe ta riga shi kafa ƙafa. Ta saki rigar.

Ya tashi da kyar. Ya bi jikin keken da hannu, ya wuce majingina, ya laluba har ya taɓa ƙarafan baya. Ta miƙe ta ba shi wuri, ta zagaya gaba.

"Kan nan a karkace yake," in ji shi yana zama. "Ki gaya wa surukinki bai iya walda ba."

"Zan gaya masa. Ɗora ƙafa."

Ya ɗora. Suka tashi, keken ya ɗan yi rawa ya daidaita.

"Kwana na zuwa, hagu," in ji ta. "In ka jefa min jiki dama, a nan zan bar ka."

Ya cije, ya manna bayansa da majingina, ya bi ta hagu. Keken ya shige kwanar kamar an ja zare.

"Kin matse," in ji shi.

"Taka."

Ya taka.