Zanen Kakar Yusuf Ɗan Koriya

A duk shekarun da na yi ina ɗinki a unguwar Sultana da ke Madina, ranar da ba na mantawa da ita wata Talata ce cikin Sha'aban, bara waccan. Kun san yadda watan yake: kowa na son jallabiyarsa kafin Idi, mai yanka na ta yanka, mu masu keke ba ma ɗaga kai.

Sai ga wani mutum ya shigo, ɗan Koriya haifaffen Kanada, Musulmi, sunansa Yusuf, ya zo Umra. Mu'allim Hamza, mai shagon, ya jawo tef zai gwada shi. Mutumin ya ce a'a da ɗan Larabcinsa, ya nuna buhun da muke tara ragowar yadi.

"Ya Adam," Mu'allim ya ce da ni, "wallahi baƙon nan shara yake so!"

Yusuf ya yi dariya, ya warware wani zane da aka harhaɗa da ƙyallaye, ɗinkin hannu. Ya ce tsakiyar ta kakarsa ce. A ciki ta ƙunshe kayanta lokacin yaƙin ƙasarsu, ta gudu kudu da mahaifinsa a goye. Ba ta taɓa ba su labarin ba. In an tambaye ta sai ta ɗauki allura. Shi bai ga yaƙin ba, amma duk garin da ya je sai ya ƙara ƙyalle ɗaya, har ana gayyatarsa ya nuna zanen. To ga ɗinkin kakar ya fara warwarewa, shi kuma yana tsoron taɓa wurin.

Na ce keke zai yaga shi, sai dai hannu. Na dubi Mu'allim, ya ce, "Khalas, shi ke nan, jallabiya ba ta gudu." Na zauna na bi ramukan allurar tsohuwar ɗaya bayan ɗaya. Ina yi na gaya masa ni ma uwata da zane ɗaya ta haye kogi daga Injamena zuwa Kusiri ta Kamaru lokacin yaƙi, tana da cikina.

Yusuf ya ce, "Ina zanen?"

Na ce, "Ƙannena sun yi tsumman goge ɗaki da shi."

Ya dafe kai, Mu'allim kuwa ya yi dariya har da tari. Da na gama, Yusuf ya zaɓi farin ƙyalle a buhun, ya ce da hannuna za a dasa na Madina.

Tun ranar, in aka kawo mini tsohuwar riga gyara, kafin in sa almakashi sai na tambayi mai ita: ta waye?